Yadda ake gano yawan kalsiyam da sikeli kawai: fashin baƙi kan hanyar kwantar da gwiɓa

Kalsiyam ba ya zama shi kaɗai a doron ƙasa. Ƙarfe ne mai saurin haɗuwa da iska da ruwa, har sai a 1808 Humphry Davy ya samu ya raba shi da abokan zamansa a Ingila, shi ma da ƙarfin lantarki. Don haka idan aka miƙa wa mai binciken sinadarai rabin giram na garin dutsen farar ƙasa, ko na siminti, ko na ƙwayar magani, aka ce ya faɗi yawan kalsiyam ɗin da ke ciki, ba shi da halin tsince shi ya ɗora a sikeli. Dole ya bi ta bayan gida. Zai narkar da samfurin, ya kawo wani sinadarin da zai kama kalsiyam su zama abin da ba ya narkewa, ya bar shi ya kwanta a gindin kofi, ya tace, ya wanke, ya busar ko ya ƙona, sannan ya auna. Kamar a auna mahayi tare da dokinsa ne, a fitar da nauyin dokin tunda an riga an san shi. Wannan ita ce hanyar awon nauyi ta kwantar da gwiɓa.

A takarda abin ba wuya. Wuyar tana wuri guda: sikeli ba ya tambayar abin da aka ɗora masa. Sikelin ɗakin gwaje-gwaje yana iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na miligiram, amma idan danshi ya hau, zai ƙirga shi kalsiyam. Idan magnesiyam ya laɓe a ciki, shi ma kalsiyam ne a wurinsa. Idan wani ɓangaren ya bi ruwan wanki ya tafi, ba zai ce uffan ba. Duk wani mataki na wannan aiki, har wanda yake kama da ɓata lokaci, an sa shi ne don a tabbatar cewa farin garin da ya isa kan sikeli shi ne ainihin abin da aka ce shi ne, bai ragu ba, kuma ba a yi masa ƙari ba.

Abokin da aka fi zaɓar wa kalsiyam shi ne okzalet, ana kawo shi a siffar amoniyam okzalet. Idan suka haɗu a ruwa sai su ba da kalsiyam okzalet mai ɗauke da ƙwayar ruwa ɗaya, wanda ake rubutawa CaC2O4·H2O. Fari ne, kuma ruwa ba ya narkar da shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wajen miligiram 7 a lita guda a zafin ɗaki. Shi ne dai sinadarin da ke cikin mafi yawan tsakuwar ƙoda, wato abin da likita ke gudu a jikin mutum shi mai bincike ke nema a cikin kofi. Nauyin mol ɗinsa, wato ƙayyadadden adadin ƙwayoyin da masana sinadarai ke ƙirga abu da shi, giram 146.11 ne, kalsiyam kuwa 40.08, saboda haka kashi 27.43 cikin 100 na nauyinsa kalsiyam ne. Wannan adadi ba ya sauyawa, kuma a kansa aka gina lissafin gaba ɗaya.

Kafin a kai ga okzalet akwai share fage. Ana narkar da samfurin da asid na haidirokulorik. In dutsen farar ƙasa ne zai yi ta kumfa yana fitar da iskar kabon dayoksaid, shi ya sa ake rufe kofin da faifan gilashi don kada feshin ya tafi da wani abu. Silika ba ta narkewa yadda ya kamata, sai a busar da ita a tace ta. Ƙarfen ayon da alminiyam kuma ana fitar da su da amoniya tun da wuri, domin in an bar su za su manne wa gwiɓar. Abin da ya rage shi ne ruwa garai mai ɗauke da kalsiyam, da magnesiyam in akwai, da gishirin da ba su da illa sosai.

Nan ne wanda bai san sirrin ba zai yi mamaki. Ana zuba okzalet ɗin ne tun ruwan yana da tsami sosai, kuma babu abin da zai faru. Ruwan zai tsaya garai kamar ba a zuba komai ba. Da gangan aka yi haka. A cikin ruwa mai asid da yawa, okzalet yana ɗaukar haidirojin ya koma asid ɗin okzalik ko rabinsa, sai ya zama ɗan kaɗan ne kawai ya rage a siffar da za ta iya kama kalsiyam. Sai an fara rage tsamin, ma'aunin pH, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, ya hau zuwa wajen 4 ko sama kaɗan, sannan okzalet ke samun sakewa ya fara aikinsa. Ana sa ɗigon wani rini mai suna metil ja don ya ba da shaida: yana ja muddin pH na ƙasa da 4.4, yana komawa ruwan ɗorawa in ya wuce 6.2.

Me ya sa ba za a zuba komai lokaci guda a huta ba? Amsar tana cikin yadda ƙwayoyin kiristal ke samuwa. Idan ruwa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, abu biyu ne ke gasa: ko dai sababbin ƙwayoyi su yi ta ɓullowa, ko kuma waɗanda suka riga suka ɓullo su yi ta girma. Peter von Weimarn, wani masani daga Rasha, ya nuna a farkon ƙarni na 20 cewa abin da ke raba gardamar shi ne tazarar da ke tsakanin yawan abin da ke cikin ruwan a wannan lokaci da yawan da ruwan zai iya riƙewa. In tazarar ta yi faɗi, ƙwayoyi bila adadin ne za su fito, kowacce mitsitsiya. In ta yi kaɗan, ƙalilan ne za su fito, su yi ta ƙiba. Mitsitsin ƙwayoyi kuwa annoba ne ga mai tacewa. Suna zurarewa ta ramukan matata, waɗanda ba su zurare ba su toshe ta. Ƙari a kan haka, idan aka tara faɗin jikinsu ya ninka na manya sau da yawa, kuma a jikin nan ne baƙin sinadarai ke liƙewa. Girman gaggawa yana kuma rufe ɗigon ruwa da ƙazantarsa a tsakiyar kiristal, inda wanki ba zai taɓa kaiwa ba.

To shi ya sa ake aiki da ruwa mai yawa wanda ba shi da kauri, a ɗumama shi har kusa da tafasa, a riƙa ɗiga amoniya ɗigo-ɗigo ana juyawa. Sai dai ko a haka akwai saura. Duk inda ɗigon amoniya ya faɗa, wurin yana rasa tsaminsa nan take kafin juyawa ta watsa shi, kuma a wannan ƙiftawar ido mitsitsin ƙwayoyi sun riga sun samu.

Maganin da aka samo wa wannan shi ne, a ganina, mafi kyawun dabara a cikin aikin duka. A maimakon zuba amoniya daga waje, sai a sa ruwan ya riƙa samar da ita da kansa. Ana zuba yuriya, a narkar da ita, a ɗora a wuta. A zafin ɗaki yuriya ba ta yin komai, amma kusa da tafasa tana haɗuwa da ruwa sannu a hankali ta rabe zuwa amoniya da kabon dayoksaid. Amoniyar tana fitowa a kowane lungu na kofin lokaci guda, daidai wa daida, babu wurin da ya riga wani. Tsamin yana sauka a hankali, gwiɓar ta fara bayyana kamar hazo, sannan ta zama ƙwayoyin da ido ke iya rarrabewa, masu saurin kwanciya da sauƙin tacewa. Hobart Willard na Jami'ar Michigan da ɗalibansa ne suka kafa wannan salo a shekarun 1930. Yana cin lokaci, rabin sa'a ko fiye ana jiran rinin ya sauya, amma sannu ba ta hana zuwa, kuma tacewar da za ta ci sa'o'i tana ƙarewa cikin mintuna.

Bayan gwiɓa ta kwanta, al'adar aikin ita ce a bar ta cikin ruwanta mai ɗumi na ɗan lokaci. A wannan zama ƙananan ƙwayoyi suna narkewa su koma kan manya, abin da ake dangantawa da Wilhelm Ostwald na Jamus, kuma ƙazantar da aka rufe da gaggawa tana samun hanyar fita. A wasu gwaje-gwajen, irin na bariyam salfet, ana iya barin kofin ya kwana. A nan kuwa ba a yin haka in akwai magnesiyam, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa.

Magnesiyam ɗan uwan kalsiyam ne, rukuninsu ɗaya a jadawalin sinadarai, kuma kusan duk inda aka sami ɗaya a dutse ko a ruwan ƙasa akwai ɗayan. Okzalet ɗinsa ya fi na kalsiyam narkewa nesa ba kusa ba, sannan yana da wata ɗabi'a: ko ya yi wa ruwa yawa ba ya saurin fita, sai ya tsaya yana jira. Abin da yake jira shi ne wurin sauka, kuma jikin kiristal ɗin kalsiyam okzalet ya dace da shi. Don haka in aka tace bayan sa'a guda, galibinsa yana cikin ruwa; in aka bari har gobe, ya hau kan gwiɓar ya zauna, sikeli kuma ya ƙirga shi. Wato jiran da ke tsarkake gwiɓa daga wata ƙazanta shi ne yake jawo mata wata. Theodore Richards na Jami'ar Harvard, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1914 saboda ingancin awon nauyin ƙwayoyin zarra, yana cikin waɗanda suka bi diddigin yadda magnesiyam ke maƙalewa a wannan gwiɓa. Abin da ake yi shi ne a taƙaita jiran zuwa wajen sa'a guda, a kuma sa okzalet ya yi rara sosai, domin rarar tana riƙe magnesiyam a narke. In samfurin irin dolomait ne mai magnesiyam da yawa, ba makawa sai an yi aikin sau biyu: a tace, a sake narkar da gwiɓar da asid, a sake kwantar da ita. A zagaye na biyu ɗan magnesiyam ɗin da ya biyo ta bai kai ya yi ɓarna ba.

Fosfet ma yana da nasa rikicin, domin in pH ya hau da yawa zai kama kalsiyam ya kwanta da shi a wata siffar dabam. Ana kauce masa ta hanyar tsayar da pH a wajen 4. Sitirontiyam da bariyam kuwa sun fi taurin kai. Okzalet ɗinsu ba ya narkewa sosai, musamman na sitirontiyam wanda ke biyo kalsiyam har kan sikeli, sai an cire shi ta wata hanyar ko a auna shi daban a rage.

Kafin a tace, ana ɗiga ɗan okzalet a ruwan saman da ya tsaya garai. In ya sake yin hazo, akwai sauran kalsiyam.

Wanki kuma wani ciniki ne. Dole a wanke, domin ruwan da ya jiƙa gwiɓar cike yake da gishiri, in ya bushe nauyinsa zai hau. Amma kowane wanki yana tafiya da wani abu. Mililita 200 na tsantsar ruwa suna iya narkar da har miligiram 1.4, ga gwiɓar da ba ta wuce giram 0.65 ba, wannan ya kai kashi 0.2 cikin 100, kuma a wannan sana'a asara ce da ake gani. Saboda haka ake wanki da ruwan sanyi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ba da yawa sau ɗaya ba. In gwiɓar za ta shiga wuta, ana wanke ta da ruwan amoniyam okzalet marar kauri. Kasancewar okzalet a cikin ruwan wankin yana danne narkewar: a lissafin takarda, mol 0.01 a lita yana rage kalsiyam ɗin da zai narke da kusan ninki 200. Amoniyam okzalet ɗin da ya rage kuma wuta za ta kore shi gaba ɗaya. In ba za a ƙona ba, busarwa kawai za a yi, wannan dabara ba ta aiki, domin gishirin zai tsaya ya ƙara nauyi. Ana gane wanki ya isa ne idan aka ɗiga silba naitiret a ruwan da ya fito, bayan an ɗan sa masa asid ɗin naitirik, aka ga bai yi fari ba, alamar kulorayid ya ƙare.

Yanzu saura tambayar da ta fi kowacce raba kan masu aikin: a wace siffa za a auna? Kalsiyam okzalet yana sauya kama sau uku yayin da zafi ke hawa. Yayin da zafin ya doshi digiri 200 a ma'aunin Salshiyas yana sakin ruwansa, ya rasa kashi 12.3 cikin 100 na nauyinsa. Daga wajen digiri 400 zuwa 500 yana fitar da kabon monoksaid ya zama kalsiyam kabonet, nan ma kashi 19.2 sun tafi. In aka wuce digiri 800 kabon dayoksaid ya fice, wani kashi 30.1, abin da ya rage kalsiyam oksaid ne, kashi 38.4 kacal na nauyin farko. Matakan nan uku a rarrabe suke sosai, har ya zama da wannan sinadari ake gwada lafiyar na'urorin da ke auna nauyi yayin ɗumamawa, irin waɗanda Kotaro Honda ya fara ƙerawa a Jafan a 1915.

Kowace siffa da farashinta. Wadda ta fi sauƙi ita ce ta farko: a tace a ɗan kaskon gilashi mai matata a gindinsa, a busar a digiri 105 zuwa 110, a auna. Tana da wani alheri kuma. Tunda kashi 27.43 ne kawai kalsiyam, kuskuren miligiram ɗaya a sikeli yana zama kuskuren miligiram 0.27 a sakamako. Matsalarta ita ce ba kullum ake da tabbacin ƙwayar ruwa ɗaya ce cif ba. In an kwantar da gwiɓar a sanyi ana iya samun mai ƙwaya biyu ko uku a gauraye, in kuma zafin busarwa ya zarce sai ta fara rasa wadda take da ita. Oksaid yana can ɗaya ƙarshen. Ana tace shi da takarda marar toka, a ƙona takardar a hankali ba tare da ta kama da wuta ba, sannan a kai kaskon, wanda galibi na filatinam ne, zuwa digiri 1000 ko sama. Babu shakka a kan abin da ya fito daga tanderun. Shakkar tana farawa ne da zarar ya fito, domin kalsiyam oksaid yana zuƙar danshi da kabon dayoksaid daga iska, kuma duk ɓangaren da ya sha ruwa nauyinsa yana ƙaruwa da kashi 32 cikin 100. Ana iya kallon lambar sikeli tana hawa a gaban ido. Ga shi kuma kashi 71.47 nasa kalsiyam ne, don haka kowane miligiram na kuskure kusan gaba ɗayansa yake shiga sakamako.

Kabonet ne a tsakiya, kuma shi na fi amincewa da shi in akwai tanderu mai riƙe zafi daidai. Ba ya shan danshi, kashi 40.04 nasa kalsiyam ne. Sharaɗinsa ɗaya: zafin ya tsaya a digiri 500, kada ya kauce fiye da 25 sama ko ƙasa. In ya gaza, akwai sauran okzalet. In ya zarce, oksaid ya fara samuwa. Masu taka-tsantsan sukan jiƙa shi da ɗigon amoniyam kabonet bayan an auna, su busar, su sake aunawa. In nauyin ya ƙaru, ashe wani ɓangaren ya riga ya zarce, ɗigon ne ya dawo da shi.

Ko wace siffa aka zaɓa, ba a auna abu da zafinsa, domin iskar da ke tashi daga jikinsa tana ɗaga farantin sikeli. Ana sanyaya kaskon a cikin tulun gilashi mai murfi wanda aka zuba wa sinadarin shan danshi, a auna, a mayar wuta, a sanyaya, a sake aunawa, har sai awo biyu a jere sun yi daidai ko bambancinsu bai wuce miligiram 0.3 ko 0.4 ba. Da hantsaki ake ɗaukarsa, don maiƙon yatsa ma yana da nauyi.

Lissafin shi ne mafi gajarta a duk tafiyar. A ce samfurin giram 0.5000 ne, oksaid ɗin da aka samu kuma giram 0.2520. A ninka da 0.7147, a sami giram 0.1801 na kalsiyam, wato kashi 36.02 cikin 100 na samfurin. Da a ce kabonet aka auna, sikelin zai nuna 0.4498; da okzalet ɗin farko ne, 0.6566. Lambobi uku, kalsiyam ɗaya. Ga mai sayen dutsen, ma'anar ita ce kusan kashi 90 cikin 100 nasa kalsiyam kabonet ne, in dai duk kalsiyam ɗin a wannan siffa yake.

Akwai ma waɗanda ba sa kai gwiɓar sikeli. Sukan wanke ta da tsantsar ruwa, su narkar da ita da asid ɗin salfurik, su auna okzalet ɗin da ruwan famanganet mai launin shunayya. Wannan ya kauce wa rikicin tanderu, amma bai kauce wa na magnesiyam ba.

Yau yawancin ɗakunan gwaji ba sa bin wannan doguwar hanya don aikin yau da kullum. Tun shekarun 1940 Gerold Schwarzenbach ya buɗe hanyar awo da wani sinadari mai kama kalsiyam da ake kira EDTA a Suwizalan, Alan Walsh ya kawo na'urar da ke auna hasken da zarra ke sha a Ostireliya a 1955, masana'antun siminti kuma suna haska garinsu da hasken eksire su sami amsa cikin mintuna. Awon nauyi yana cin yini guda ko fiye, kuma ba ya amfani in kalsiyam ɗin ɗan mitsitsi ne, tunda abin da ke narkewa a wanki zai iya fin abin da ake nema. Sai dai duk na'urorin nan kwatance suke yi. Sai an ba su wani ruwa ko gari da aka riga aka san yawan kalsiyam ɗinsa kafin su faɗi na baƙon samfuri. Awon nauyi ba ya buƙatar abin kwatance na kalsiyam. Ya dogara ne ga sikeli da nauyin zarra kawai. Shi ya sa har yanzu ake komawa ga irin waɗannan tsofaffin hanyoyi idan ɗakunan gwaji biyu suka saɓa, ko idan za a tantance samfurin da na'urori za su riƙa gwada kansu da shi.

Wani tarko da sabon shiga ya kan faɗa shi ne ya yi gwajin sau uku, amsoshin su zo kusan ɗaya, ya ɗauka ya gama. Daidaituwar amsoshi tana nuna hannunsa bai yi rawa ba ne kawai. In kofuna ukun duk sun kwana da magnesiyam, duk ukun za su yi sama tare. Akwai ma wanda ya fi wannan ruɗi, inda magnesiyam ya ƙara nauyi, wanki ya rage, kurakuran biyu su ci juna, a sami amsar da ta yi kyau a wannan samfurin ta kuma ɓaci a na gaba mai ƙarancin magnesiyam. Don haka ake jera wasu kofuna biyu a gefe. Ɗaya babu samfuri a ciki, sinadaran aikin ne zalla, don a ga ko su kansu ko ruwan suna ɗauke da kalsiyam. Ɗayan kuma tsantsar kalsiyam kabonet ne da aka busar aka auna, a bi da shi duk matakan tun daga narkarwa har tanderu, a ga ko zai dawo da kashi 40.04 ɗinsa. In samfurin mai magnesiyam ne, sai a zuba wa wannan kofin magnesiyam gwargwadon wanda ake zaton yana cikin samfurin.